Neman kalma: Yoda ba 'yar tsana ba ne, to mene ne?

Jama'a assalamu alaikum. Na dawo kan tambayar da na jefa ranar Talata, don amsoshi sun yi yawa har masu amfanin sun nutse a ƙasa. Ga wanda bai gani ba: ina rubuta wani ɗan shirin rediyo na yara kan yadda ake haɗa dodanni a finafinan almara, sai na cije a kalma guda, wadda Turawa ke ce wa puppet. Ƙamus ɗin da ke kan teburina ya ce 'yar tsana. Ni kuwa ban yarda ba.

'Yar tsana ita ce wadda 'yata ke goyawa da ɗankwalin uwarta, ta yi mata kitso, ta kwantar da ita a kan tabarma. Inda ta ajiye ta, nan za ta dawo ta tarar da ita. Abin da nake nema wa suna an yi shi ne don ya motsa, ya yi magana, ya harari mutum, shi kuwa mai motsa shi ya ɓuya.

Ku ɗauki Yoda, ɗan tsohon nan kore mai dogayen kunnuwa da ya fara fitowa a fim ɗin Star Wars na 1980. Stuart Freeborn ne ya ƙera shi, Frank Oz ya ba shi rai. An ɗaga daɓen wurin ɗaukar fim ɗin sama, Oz ya shige ƙarƙashi, ya miƙa hannu ta wata kafa ya zura shi cikin kan Yoda, babban yatsa a muƙamuƙin ƙasa, sauran yatsu a sama. Ba ya ganin abin da hannunsa ke yi sai ta ƙaramar talabijin da aka ajiye masa a ramin. A gefe akwai masu jan wayoyi irin na birkin keke, su ne ke lura da kunnuwa da idanu. Ɗan wasan fim ɗin, Mark Hamill, da ke zance da Yoda a sama sai da aka saka masa abin ji a kunne kafin muryar Oz ta riƙa isa gare shi. Duk wannan aiki a ce masa wasan 'yar tsana? Haba.

Mutum-mutumi ne ya fi samun ƙuri'a. Matsalarsa biyu. Na gona a tsaye yake ƙiƙam yana korar tsuntsaye, 'yan jarida kuma sun riga sun ba na'urar nan mai aiki da kanta wannan suna, ba mai ƙwace shi yanzu. Gunki kuwa ko tsayawa ban yi ba. Ranar da na ce wa yara a rediyo ana wasa da gumaka, ranar shirin zai mutu. Wanda ya ce ɗan amshin shata, na ji, na yi dariya, amma wannan na 'yan siyasa ne, a bar musu kayansu. Akwai kuma masu cewa a rubuta fafet a huta. Aro ba laifi ba ne, da shi muka sami mota da rediyo. Sai dai ana aro ne in babu a gida.

Ashe akwai a gida. Wata Hajiya daga Damagaram ta rubuto mini: "Ɗana, abin da kake nema ai ɗiyan dabo ne. Mai dabo shi kafa itace, shi rufa riga bisa, shi shige ciki, sai ka ga ɗiyan sun fito ta sama suna magana da wata 'yar murya siririya." Na ce, Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin gama mini aiki. Wannan wasa tsoho ne a ƙasar Hausa ta Nijar da kuma Borno, inda Kanuri ke ce masa dogodogo. Wani Bature mai suna R. E. Ellison ya wallafa bayanin wanda ya kalla a Borno tun 1935. Ku lura da kyau: mutum a ɓoye a ƙasa, hannu a sama cikin ɗan abin da aka ɗinka, murya a sauye. Abin da Frank Oz ya yi ke nan, bambancin kawai kuɗin da aka kashe.

Me ya sa ɗiya, ba ɗa ko 'ya ba? Domin a Kano in ka ce ɗan dabo, mutumin kake nufi, mai fitar da ƙwai daga hula a bakin kasuwa. 'Yan dabo ma su ne mutanen. Hausar Hajiya ta raba mana gardama: ɗiyar dabo guda, ɗiyan dabo da yawa, mai motsa su kuma mai dabo. Kada kowa ya damu da cewa Yoda namiji ne. 'Yar tsana ma ko an yi mata gemu 'yar tsana ce.

Wani dattijo da ya koyar da Hausa shekaru masu yawa ya tsaya a kan kalmar dabo. Ya ce, "Yaro, dabo maƙwabcin sihiri ne, iyaye za su ɗaga gira." Na ce, Allah ya gafarta Malam, ai dabo rufa-ido ne da saurin hannu, shi ya sa aka raba shi da tsafi. Kuma majigi da kakanninmu suka kalla a filin sarki, daga kalmar Turanci mai ma'anar sihiri ya fito, ba wanda ya guje shi don haka. Ya ce in sa a shirin mu ga ko yara za su ɗauka. Na karɓi wannan a matsayin izini.

Da uwar kalmar ta samu, sai nau'o'in. Na ga hanya mafi sauƙi ita ce kowace a kira ta da abin da ke motsa ta.

Ta hannu ba ta buƙatar dogon bayani, ita ce ta Damagaram, ita ce Yoda, ita ce Kermit, kwaɗon da Jim Henson ya ɗinka a 1955 da tsohon kwat ɗin mahaifiyarsa, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi masa idanu. Amma ku kalli hannuwan Kermit: akwai wasu ƙarafa sirara da suka sauka ƙasa. Wasu sun ce a kira wannan ta sanda. Na fi son ta tsinke, don kaurinsu bai wuce na tsinken tsire ba, sanda kuwa sai a ɗauka gora ce. A Japan, a wasan bunraku, mutum 3 ne ke riƙe ɗiyar dabo guda, mataimakan sun rufe jiki da baƙaƙen kaya don ido ya tsallake su. 'Yan fim na yau haka suke yi, sai dai kayansu kore ne ko shuɗi, daga baya kwamfuta ta shafe su tare da tsinken.

Ta zare ita ce marionette, wadda ake lilo da ita daga sama. Ita ta fi suna, amma a fim ita ce kurar baya, saboda tafiyarta ba nauyi, kamar ƙafar ba ta son taɓa ƙasa. Masu shirin Thunderbirds na Ingila a 1965 sun san wannan, shi ya sa yawanci jarumansu na zaune a jirgi ko kujera mai tafiya, in kuma za a nuna hannu a kusa sai a ɗauki na mutum na gaske.

Inda na fi jin daɗi shi ne wadda mutum ke shiga cikinta dungurungum. A The Dark Crystal na 1982, fim ɗin Henson da Oz wanda ba a ga fuskar ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa, akwai miyagun sarakai masu kan ungulu, Skeksis. Mai dabo na cikin rigar, hannu ɗaya a ɗage sama da kansa yana riƙe da wuya da baki, ƙaramar talabijin ɗaure a ƙirjinsa don ya ga gabansa. Da farko na rubuta ta shiga-ciki. Sai wani ɗan mafarauta ya ce, "Yaya, wannan ai burtu ne." Na ajiye wayar na yi shiru. Mafarauci yakan ɗaura kan burtu na itace a goshi, ya rufe jiki, ya durƙusa yana kaɗa kai yana caccakar ƙasa har namun daji su sake da shi. Mutum a cikin tsuntsu, yana aron motsin tsuntsu. Na san shigar burtu ta yi baƙin jini a labarai, kullum sai ka ji ɓarayi sun yi ta, amma asalin sana'a ce, kuma burtun fim ya zauna a baki daram. Da shi zan kira Jabba ma, ƙaton dodon nan na fim ɗin Star Wars na 1983 da mutum 3 ke cikinsa: biyu sun raba hannuwa da baki da harshe, na ukun yana can cikin wutsiya. Godzilla, dodon fim ɗin Japan na 1954, kuwa ban sa shi a nan ba. Haruo Nakajima riga ya saka, ƙafarsa ce ƙafar dodon, hannunsa ne hannun dodon. Wannan rigar dodo ce kawai.

Animatronic, wato wadda na'ura ke motsa ta, ta ba ni wuya fiye da yadda na zata. Kalmar ta yi ƙarfi ne daga kamfanin Disney, wanda ya buɗe ɗakin ƙerarrun tsuntsaye masu waƙa a wurin shaƙatawarsa na Disneyland a 1963. An kawo ta lantarki, an kawo ta rimot. Duka biyu sun gaza, domin ɗaya daga cikin manyansu, dabbar nan T. rex da Stan Winston ya ƙera wa Jurassic Park a 1993, matsin mai ne ke ɗaga ta, irin wanda ke ɗaga bayan tifa ta juye yashi. Fatarta soson roba ce. Da aka sakar mata ruwan sama na ƙarya sai ta sha ruwa ta yi nauyi ta kama karkarwa, dole a tsaya ma'aikata su bi ta da tawul suna tsanewa. Wata kuma da waya ake ja, wata da ƙananan injuna, kamar fuskar Hoggle a Labyrinth na 1986, wadda mutum 4 ke sarrafawa daga nesa alhali wata mata na cikin jikin tana tafiya da shi. Abin da ya haɗa su inji ne, don haka ta inji. Kuma har yanzu ɗiyar dabo ce, ba mutum-mutumi ba, tunda ba ta ƙyafta ido sai wani ya taɓa wani abu.

Saura stop-motion, wadda aka yi ta ka-ce-na-ce a kanta har tsakar dare. Wasu sun ce ba ta cikin dangin, don ba ta motsi a gaban kyamara. Gaskiyarsu, amma ku ji yadda ake yi. Sakan ɗaya na fim hoto 24 ne. Sai a ƙera ɗan dodo mai ƙashin ƙarfe da gaɓoɓi, a gusa hannunsa kamar faɗin ƙwayar gero, a ɗauki hoto guda, a sake gusawa, a sake ɗauka. Ray Harryhausen ya yi haka da ƙwarangwal 7 masu takubba a Jason and the Argonauts na 1963. Kowane yana da kai da hannu biyu da ƙafa biyu, gusawa 35 ke nan kafin hoto ɗaya. Yakan wuni ya tashi da hoto 13, wajen rabin sakan, faɗan na 'yan mintuna ya ci masa wata huɗu da rabi. King Kong na 1933 kuwa tsayinsa inci 18 ne, an lulluɓe shi da fatar zomo, kuma in ka lura za ka ga gashinsa na rawa kamar iska na kaɗa shi. Ba iska ba ce, sawun yatsun masu gusa shi ne. Ga ɓoyayyen hannu nan har da shaidarsa, don haka na bar ta a dangi. Suna kuwa: gusa-ka-ɗauka, a kan ƙirar je-ka-na-yi-ka. Wani ya ce ya yi tsawo. Ya fi tsayar-da-motsi da aka kawo mini, wanda in ka faɗa wa yaro zai ɗauka ɗan sanda ne ya tare hanya.

Ta inuwa na bari a ƙarshe da gangan. Larabawa na da ita tun da daɗewa, hayalul zilli, har wasanni 3 na Ibn Daniyal, likitan ido da ya rasu a Alƙahira a 1310, sun kawo zamaninmu. A fim kuwa, Lotte Reiniger ta Jamus ta yanka mutane da aljanu daga kwali da fallen darma, ta haɗa gaɓoɓinsu da waya, ta shimfiɗa su a kan gilashi mai fitila a ƙasa, ta shekara 3 tana gusawa tana ɗauka. Fim ɗin ya fito a 1926, labarin Yarima Ahmad ne daga Dare Dubu da Ɗaya, wanda yawancinmu mun karanta da Hausa. Shi ne dogon fim ɗin motsa hoto mafi tsufa da ya rage a duniya. Ta inuwa ce, kuma gusa-ka-ɗauka ce, sunayen biyu sun hau kanta ba su yi karo ba.

Jiya da daddare na gwada a gida. Na nuna wa 'yata da ɗan yayana inda Yoda ke ɗaga jirgi daga cikin taɓo, na ce musu ɗiyar dabo ce ta hannu, akwai mutum a ƙarƙashin ƙasa. Yaron ya matso da fuska kusa da waya yana neman ramin. Ita kuwa ta tashi ta ɗauko safar babanta daga igiya, ta zura hannu, ta laɓe a bayan kujera. Da Asabar za mu ɗauki shirin, kuma na riga na gyara rubutun.