Tsohon murhun narka tama: a killace shi ko a bar wa damina?

Mushe mai ritaya, Birni: A 2019 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wuraren narka tama biyar na Burkina cikin gadon duniya. Na Douroula ya kai ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, a Tiwêga da Kindibo kuma har yau murahun suna tsaye. Jamusawa sun rufe masana'antar narka ƙarfe ta Völklingen a 1986, ba su sayar da ita a kilo ba, 1994 ta shiga jerin. Mu da Sarki Tanimun ya sa aka ƙera igwa cikin Damagaram, me muka killace? Ina ganin duk ragowar murhu a ƙasar nan a zagaye shi da katanga, a yi masa rumfa.

Magini, Zango: Mushe, Allah ya ƙara girma, amma aikina ke nan. Na Jamus ƙarfe ne da jan bulo, tsatsa ce abokiyar gabarsa, fenti da kuɗi ke maganinta. Namu laka ce. Ginin laka idan ba a yi masa yaɓe ba, damina uku ta isa. Ka lafta masa suminti kuma danshi ya maƙale ciki, wata rana ya ɓantaro gaba ɗaya kamar ɓawon gyaɗa. Ganuwar da Tanimun ya gina ma nawa ta rage? Ita da ke gaban idonmu.

Jikan maƙera: Baba Mushe, ka haɗa abu biyu. Igwa ƙira ce, narka tama wani aiki ne daban, a daji ake yin sa, kusa da dutsen da itacen kirya, don gawayinta ya fi riƙe wuta. Kakana ya ce a wajenmu sau da yawa sai an fasa gindin murhun kafin a jawo curin ƙarfen. To abin da mai shi ya gina don ya fasa, wa zai adana? Ni abin da na tarar bayan ƙauyenmu tudun kashin maƙera ne, wato dattin da narka tama ke bari, baƙi, mai ƙyalli kamar narkakken kwalba, da guntayen bututun laka da iska ke bi. Muna yara mukan hura su kamar sarewa. Bara na je, an kwashe rabin tudun a amalanke an cike ramin hanya.

Mushe: Ai ka kawo mini hujja, ɗana. Tudun nan shi ne littafin. Daga gawayin da ke ciki ake gane shekaru. Da irinsa masu bincike suka ce an narka tama a Termit, can gabashin Nijar, fiye da shekara 1000 kafin Annabi Isa, wasu kuma suka musa, har yau ana ja. In an kwashe, da me za a raba gardamar?

Hajiya, Sabon Gari: Ni dai tambayata wa zai biya mai gadi. Tun 2006 Birni da fadar Sarki ke layin jira na UNESCO, Agadas ta shige a 2013. Gidajen da ke da zane a fuska suna zubewa da mutane a ciki, ku kuna maganar rumfar tudun ƙasa.

Jikan maƙera: Hajiya, ba gadi nake so ba. Tunda ƙarfen mota ya zo aka bar tama, ni kaina da sifirin nake ƙera gatari da hauya. Ƙanen kakana na nan da rai, ya ga narka yana yaro, shi ke ɗaukar gawayi. A ba shi laka da samari huɗu ya sake ginawa, a ɗauka a waya.

Magini: Wannan kam ina ciki, laka da hannu nawa ne. Amma a bari sai bayan girbi, ƙasa ta bushe.

Mushe: Na yarda, amma tudun fa? Wa zai yi wa mai gari magana kafin amalanke ta koma?