Neman shawara: tsohon direba ya ƙi harhaɗuwa saboda __devinit

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An miƙo mini wani tsohon direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) na na'urar auna zafi mai aiki da I2C (hanyar sadarwa tsakanin ƙananan na'urori), tun zamanin kanel ɗin Linux 3.2 aka rubuta shi (kanel shi ne zuciyar tsarin Linux). Na zo harhaɗa shi a kan 6.1, tun a layin da alamar __devinit take abin ya cije. Akwai __devexit da __devexit_p su ma. Shin in ayyana su fanko da #define a saman fayil in huta, ko in maye gurbinsu da __init tunda ita tana nan da ranta?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam. Don Allah kar ka sa __init a kan probe, wato aikin da kanel ke kira idan ya haɗa direba da na'urarsa. Duk abin da aka yi wa wannan alama sashen .init.text ake kai shi, kuma da kanel ya gama tashi sai ya kwashe wurin ya mayar wa ƙwaƙwalwa. Shi ne layin nan "Freeing unused kernel" da kake gani a dmesg, saƙonnin da kanel ke fitarwa. Ita kuwa probe ba ta da lokaci. Ana iya jinkirta ta har sai abin da take jira ya samu, ana iya sake kiranta ta sysfs (fayilolin /sys da ake yi wa kanel magana da su) bayan awa goma. Ranar da aka kira ta aka tarar an share ɗakin, injin ya faɗi. Ma fi yawa modpost, mai bincike a lokacin harhaɗawa, zai yi maka kashedin section mismatch (saɓanin sashe), kar ka kau da kai.

Amsa ta biyu:
Malam, goge __devinit da 'yan'uwanta kawai. Amfaninsu dā shi ne a jefar da lambar manhajar da aka yi wa alamar idan an kashe CONFIG_HOTPLUG, zaɓin da ke ba da damar sa na'ura ko cire ta injin na aiki. Da aka ga kusan babu mai kashe shi, sai aka bar shi kunne dindindin, masu aikin kanel Bill Pemberton da Greg Kroah-Hartman suka bi dubban wurare suna sharewa, aka fitar da su a 3.8, farkon 2013. __cpuinit ma haka Paul Gortmaker ya yi mata a 3.11. Dabarar #define za ta yi aiki, amma wanda zai gaje ka zai ɓata yini yana neman ma'anar abin da ba shi da ma'ana.

Amsa ta uku:
In da sed (umarnin sauya rubutu a fayil) za ka yi, fara da __devexit_p tare da bakanta biyu. Ni na fara da __devexit, na wayi gari da _p(foo_remove) a fayil shida. Kuma sharar ta zama faci (patch) guda ita kaɗai, kar ka cakuɗa ta da wani gyara, sannan ka bi ta da checkpatch.pl, mai duba salon rubutun faci.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na goge, __init guda ɗaya na bari a kan wadda module_init ke kira, wato aikin da ake kira sau ɗaya yayin loda direban. Yanzu kuma mai harhaɗawar kukan remove yake yi (aikin da ake kira idan za a cire na'ura), wai int, wato lamba, nake mayarwa.

Amsa ta farko:
Wannan wata rigima ce daban. Daga 6.1 remove ta I2C void ce, wato ba ta mayar da komai. Cire return 0 ɗin, a faci na biyu.