Wata uku ina rubutu Google bai san da ni ba: waɗanda suka gwada Search Console ku zo ku ba mu labari

Mai shafin girke-girke, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shafin girki a WordPress, wata uku ke nan ina zuba rubutu, daga miyar kuka har dambun shinkafa, yanzu sun kai 34. Amma in na nemi sunan shafin a Google, kowa nake gani ban da ni. Masu shigowa duk ta WhatsApp suke zuwa, ranar da ban tura adireshi ba kuwa shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ƙanena ya ce in yi rajista da Search Console, wato dandalin Google da ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, tunda kyauta ne. Na buɗe, na ga layuka da lambobi, kaina ya ɗaure. Don Allah wanda ya taɓa aiki da shi ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, ba wanda ya ji a bidiyo ba.

Mai haɗa shafuka, Farm Centre, Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, shiga saitin WordPress ɗinki, ɓangaren karatu. Akwai wani ɗan akwati da ke cewa a hana injinan bincike ɗaukar shafin. Duba ko an sa masa alama. Ina faɗa miki ne don ni da kaina na taɓa yin wannan aika-aikar. Na haɗa wa wata makaranta shafi, na sa alamar don kada a ga aikin kafin ya kammala, na miƙa musu, na karɓi kuɗina, na manta. Sai bayan kusan wata biyar shugaban makarantar ya kira ni yana faɗa. Na ɗauki adireshin shafin na liƙa a akwatin binciken da ke can saman Search Console, nan take ya nuna min cewa noindex, wato umarnin da ke hana Google saka shafi a bincike, shi ne ya tare hanya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Batun rajista kuma, sai kin tabbatar musu shafin naki ne. Hanya mafi sauƙi ita ce su ba ki wani layi ki sa a kan shafin. Wadda ta fi ƙarko ita ce ta DNS, inda za ki je wurin da kika sayi sunan shafin ki liƙa lambar da suka ba ki, domin ita tana haɗa mai www da marar www, da http da https, duk wuri guda. Daga nan sai ki miƙa taswirar shafin, wato jerin adireshin rubuce-rubucenki da Google zai bi. Tun 2020 WordPress yake yin tasa da kansa, sunanta wp-sitemap.xml.

Mai shafin labaran wasanni, Zariya

Ni nawa a Blogger yake, dandalin buɗe shafi na Google. Abin da zan ƙara shi ne, Anti, kada jerin shafukan da aka ce ba su shiga Google ba ya tayar miki da hankali. Farkon shigata na ga lamba mai yawa a wannan ɓangaren, na kwana ina lissafin inda na yi laifi. Da na natsu na duba ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu adireshi ne masu ?m=1 a ƙarshe, wato fuskar waya ta rubutun da ya riga ya shiga. Abu ɗaya ne da riga biyu, aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya.

Sai kuma maɓallin neman a ɗauki shafi. Na mayar da shi kamar carbi, kullum da asuba ina dannawa har ya ce na cika adadin ranar. Danna shi sau goma bai fi sau ɗaya ba, layi dai za ka shiga. Waɗanda suka maƙale min da gaske su ne masu cewa an ziyarci shafin amma ba a saka shi ba, kuma da na dube su da idon gaskiya, labarai ne masu layi huɗu da na kwaso daga wani wuri na ɗan juya. Waɗanda na zauna na rubuta da kaina, irin wasannin unguwa da babu wanda ya kawo rahotonsu sai ni, ba su taɓa ba ni wahala ba.

Malamin Hausa, Katsina

Ku kuna maganar shiga, ni abin da ya fi burge ni shi ne jerin kalmomin da mutane suka rubuta kafin shafina ya bayyana a gabansu. Shekara biyu ke nan ina rubutu kan nahawu da karin magana, kuma wannan jerin ya koya min abin da ban koya a aji ba.

Na farko, mutanenmu ba sa bincike da haruffa masu lanƙwasa. Ni na rubuta ƙa'idojin rubutu, su kuma suna neman kaidojin rubutu, wani ma qaidojin. Ban sauke lanƙwasa daga rubutuna ba, malamin Hausa ne ni, ina zan kai wannan abin kunya? Amma na cire ta daga adireshi, saboda ƙ guda ɗaya in aka kwafi adireshin sai ta koma %C6%99, ya yi tsawo ya yi muni, wanda aka tura wa ma sai ya yi zaton damfara ce.

Na biyu, kanun rubutu. Ina da wani darasi da na sa wa suna mai daɗi irin na marubuta, Harshe Ado ne. Search Console ya nuna min ana ganinsa a sakamakon bincike amma ba a dannawa. Lambobin nan biyu daban suke, Hajiya: ɗaya sau nawa aka nuna ki, ɗaya sau nawa aka shigo. Da na duba kalmomin, ɗalibai ne ke rubuta karin magana da ma'anarsu, wasu kuma karin magana 100. To wa zai ga Harshe Ado ne ya san abin da yake nema na ciki? Na sauya kanun zuwa abin da suke faɗa da bakinsu, na bar nawa adon a layin farko. Bayan 'yan makonni dannawa ta fara motsi. Raina bai so ba, amma mai talla ba ya kiran hajarsa da sunan da shi kaɗai ya sani.

Search Console yana ajiye bayanan wata 16, don haka har na gane lokacin da jarrabawa ta matso shafina ke cika, lokacin hutu kuma ya koma kufai. Yanzu da wannan nake tsara abin da zan rubuta.

Mai kilishi, Maraɗi

Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu nan da rubutun Faransanci mutane suka saba. Ni na sa kilishi da cuku a shafina, masu nema suna rubuta kilichi da tchoukou. Akwai wurin da ake tace sakamakon ƙasa-ƙasa, nan na ga na Nijar daban na Najeriya daban. Yanzu duka biyun nake sawa. Na kuma buɗe irinsa na Bing, wani injin bincike daban, ban sha wahala ba don yana kwaso shafin kai tsaye daga Search Console, sai dai masu zuwa ta can ba su taka kara sun karya ba.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari

Ni dai bari in faɗi nawa ko da zai saɓa. Ban ga Search Console ya sayar min da ko turmi ɗaya ba. Madubi ne, yana nuna maka fuskarka, ba ya yi maka wanka. Mai shago irina ya fi buƙatar ya sa shagonsa a taswirar Google da lambar waya da lokacin buɗewa, wannan kuma wani abu ne daban.

Gargaɗina ɗaya. Na ba wani yaro kuɗi ya yi min duk wannan, ashe da imel ɗinsa ya yi rajistar. Muka saɓa, ya daina ɗaukar wayata, ni da shafina amma ba ni da ikon leƙa bayanansa. Allah ya taimake ni sunan shafin a hannuna yake, na sake tabbatarwa da nawa imel ɗin na cire shi. Hajiya, ko ƙanenki ne zai yi miki, ki tsaya a kansa ya yi da naki.

Mai haɗa shafuka, Farm Centre, Kano

Alhaji ya yi gaskiya, kuma bayan cire mutum a goge layin da ya tabbatar da shi daga shafin, in ba haka ba zai iya dawowa. Sannan ke mai girki, hotuna za su ci ki. Ma'aunin da Google ke so shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma fuskar waya yake dubawa. Hoton tuwo kai tsaye daga kyamara a kan irin sabis ɗinmu, kafin ya buɗe miyar ta huce. Ki rage nauyinsu kafin ɗorawa.

Mai shafin girke-girke, Kaduna

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Malam na Farm Centre, akwatin nan da alamarsa na same shi, kuma ni ce na sa da hannuna ranar farko, na ɗauka yana hana masu satar rubutu ne. Na cire, na miƙa taswirar, da imel ɗina kamar yadda Alhaji ya ce. Yau kwana 9, rubutu 11 sun shiga. Kalmar farko da ta fito a jerin ita ce yadda ake kosai yayi laushi, ba lanƙwasa, kuma ni ban ma taɓa rubutu kan ƙosai shi kaɗai ba, a cikin bayanin kunun gyaɗa na ambace shi. Na jiƙa wake, gobe zan ɗauki hotuna. Sauran 23 ɗin fa, in danna musu maɓallin nan sau ɗaya ko in ƙyale su su shigo da ƙafarsu?