Simon Wigg: me ya bambanta babur ɗin tseren ciyawa da na sifidiwe?

Ɗan Gareji:
Salamu alaikum, manyan gida. A 15 ga Nuwamba 2000 ne Simon Wigg na Ingila ya rasu yana da shekara 40, bayan fama da ƙari a ƙwaƙwalwa, kuma har yau masu bin tseren babur ba sa gajiya da zancensa. Ana cewa ya yi fice a sifidiwe (tseren babur a gajeren filin ƙasa), a tseren ciyawa, da na dogon fili. To ba babur ɗaya ba ne? In akwai bambanci, ku warware mana shi yadda bakanike zai gane.

Baban Bita:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Daga nesa kama suke, amma ba ɗaya ba ne.

Injin dai kusan guda ne: 500cc, silinda ɗaya, bawul huɗu, kuma metanol yake sha maimakon fetur. A zamanin Wigg, Jawa na ƙasar Cek, GM na Italiya, da Godden da Weslake na Ingila su ne ke gari. Birki babu. Daga nan hanya ta rabu.

Na sifidiwe giyarsa ɗaya tak, kuma babu shakazoba a baya, firam ne sandararre. Tayar gaba inci 23, ta baya inci 19. Filin gajere ne, zagaye ɗaya tsakanin mita 260 da 425, ƙasa ce da aka baje aka yayyafa wa ruwa. Mutum huɗu ke tashi, zagaye huɗu, duk kwanar hagu, a gama cikin kamar minti ɗaya. Maki 3, 2, 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu.

Na ciyawa da na dogon fili kuwa firam ɗinsu ya fi tsawo, suna da shakazoba a baya, giya biyu ce, tayar baya kuma inci 22. Dalilin giya biyun shi ne tsawon miƙe. A irin filayen Jamus kamar Herxheim da Mühldorf zagaye ɗaya kusan mita 1000 ne. In ka ɗaura giyar da za ta kai ƙarshen miƙe, babur ba zai fizga daga layi ba. In ka ɗaura ta fizga, inji zai ƙure kuka tun a tsakiyar hanya. Sai a tashi da ta ɗaya, a jefa ta biyu kafin kwanar farko, a bar ta a nan har a gama. Wanda giyarsa ta ƙi shiga a wannan daƙiƙar, tsere ya wuce shi.

Shakazobar kuma saboda gonar ce. Filin ciyawa a Ingila sau da yawa makiyaya ce aka kafa wa turaku da igiya. Bayan tsere biyu-uku ciyawar ta tone, kwana ta cika da ramuka da kunya-kunya, babur mai sandararren baya ba zai zauna a kai ba.

Mai Lissafi:
Baba ya gama da ƙarfe, bari in kawo mutumin. An haifi Wigg a garin Aylesbury na Ingila a 1960, kuma a ciyawa ya fara. Ya ci kambun Birtaniya na tseren ciyawa sau shida. Kambun duniya na dogon fili ya ɗauke shi sau biyar: 1985, 1989, 1990, 1993 da 1994, a fagen da Jamusawa irin su Egon Müller da Karl Maier suka ɗauka gadon gidansu ne. Sai daga baya Gerd Riss ya zarce wannan adadi.

A sifidiwe ya zama zakaran Birtaniya a 1988 da 1989, ya kuma ci gasar lig a ƙungiyar Oxford Cheetahs a 1985 da 1986 tare da Hans Nielsen na Denmark. Shekarar 1989 ce ƙololuwarsa. A wasan ƙarshe na duniya a filin Olamfik na Munich, Nielsen ya yi na ɗaya, Wigg ya doke Jeremy Doncaster a tseren raba gardama ya zo na biyu. A shekarar dai yana cikin tawagar Ingila da ta ci kofin duniya na ƙasashe a Bradford, ranar da Erik Gundersen na Denmark ya yi mummunan haɗarin da ya raba shi da tsere. Koren kayan fata da koren babur su ne tambarinsa, ko daga can ƙarshen fili an san shi ne.

Ni a ganina abin da ya fi girma shi ne sauya hannu tsakanin baburan biyu cikin mako ɗaya. A ƙaramin fili ana jefa bayan babur gefe da ƙarfi don ya rage gudu, tunda birki babu. A dogon fili wannan jifan asarar gudu ce, sai dai a shiga kwana da totur a buɗe, tayoyi kusan a layi ɗaya, ana gudun da ya haura kilomita 130 a awa. Masu iya duka biyun a matakin duniya ƙalilan ne, Ivan Mauger na New Zealand na cikinsu.

Injiniya Kafireto:
Ranka ya daɗe Baba, ka bar ni da metanol, domin nan sababbin shiga ke kashe inji. Fetur na son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, metanol kuwa kamar 6.4 a kan 1. Ke nan mai fiye da ninki biyu zai bi ta kafireto, dole jet, wato ramin da mai ke bi, ya zama babba. In ya yi ƙanƙanta, inji ya yi zafi, kan fistin ya huje. Kuma metanol na jan ruwa daga iska, yana cin alminiyom, don haka ana gama wasa a zuƙe tanki da kafireto tas, a sauya baƙin mai tunda metanol na sauka cikinsa ya tsinka shi. Wutarsa ma da rana ba a cika ganinta ba, shi ya sa ake ajiye abin kashe gobara kusa da inda ake zuba mai.

Kuloci busasshe ne, a waje yake. Jira a bakin layi da totur a sama yana gasa faifansa, in suka yi zafi sai ya riƙa ja, babur ya sulala ya taɓa kirtanin tashi, alƙali ya hukunta mahayi. Tsakanin tsere da tsere a hura masa iska, a goge faifan, a duba ratar waya.

Saitin fili kuwa da faifan haƙoran sarƙa na baya ake yinsa. Fili mai zurfin ƙasa da riƙo, a ƙara haƙori don inji ya iya juya taya. In ya bushe ya yi santsi, a rage haƙori ɗaya ko biyu don taya ta daina juyin banza. Gefen hagu na tayar baya kaɗai ke cinyewa, sai a cire ta a juya ta, a samu sabon kaifi na sauran tseren.