Aikin sasanci yana ciyar da mutum a Legas?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. A Agege aka haife ni, na karanta ilimin zamantakewa, na gama bautar ƙasa, yanzu ina riƙe wa kawuna littafin ciniki a rumfarsa ta albasa a Mile 12. Ina ɗan sakandare aka yi rikicin Maris na 2016 da ya sa gwamnati ta rufe kasuwar, na ga yadda kayan mutane suka ruɓe, maƙwabta suka daina gaisawa. Tun lokacin aikin hana rikici nake so. Ina jin Yarabanci kamar Hausa, har ni ake kira tafinta idan 'yan dako suka saɓa da direbobi. Kawu ya ce sulhu lada ne, babu albashi a cikinsa. Da gaske ne? In akwai hanya, ta ina ake shiga?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi aiki da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri kafin aure ya dawo da ni Idi-Araba. Albashi akwai, mai kyau ma, amma yawancin guraben suna Abuja, Maiduguri, Jos da Kaduna, kuma kwantiragi ne: kuɗin shiri ya ƙare, aiki ya ƙare. Da Amurka ta yanke tallafin USAID a 2025, abokan aikina da yawa gida suka koma. Don Allah kada ka saki rumfar Kawu tukuna.

Sannan ka sani, a intabiyu ba za su tsaya kan iya lallashinka ba. Za su tambaye ka rubuta rahoto da Turanci, tsara kasafi, da yadda ake auna ko shiri ya yi tasiri. Littafin cinikin nan da kake riƙewa ya fi amfani fiye da yadda kake zato. Ka koyi Excel sosai. Ka kuma bibiyi WANEP, ƙungiyar gina zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, suna da ofishi a nan Legas, aikinsu tattara alamun rikici daga unguwanni kafin ya ɓarke.

Lauya Obalende: Malam, ba sai ka bar Legas ba. Jihar nan tana da Citizens' Mediation Centre a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a tun 1999, inda ake sasanta mai gida da ɗan haya, ma'aikaci da ubangidansa, kyauta. Akwai kuma Multi-Door Courthouse da aka buɗe a 2002, kotu kan tura ƙararraki can a yi sulhu. Ba dole sai lauya ke zama mai sasanci ba, horo da takardar shaida ake bukata, ICMC, cibiyar horar da masu sasanci, tana bayarwa. Na sha ganin mutanenmu sun yi asarar haƙƙinsu don kawai babu mai fahimtar bayaninsu. In karatu kake so, NOUN, jami'ar karatu daga gida, na da kwas ɗin zaman lafiya da warware rikici, Jami'ar Ibadan kuma na da digiri na biyu.

Baba Mai Goro: Ɗana, na ga rikicin Idi-Araba a 2002 da idona, ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Abin da suka faɗa maka gaskiya ne, ka yi karatun. Amma ni abin da ke damuna, yaranmu kan samu takarda su koma taro a otal a Ikeja, ba ma sake ganinsu. Fitina a Ikko daga ƙaramin abu take tashi: kuɗin tikiti, wurin ajiye babur, kwata tsakanin gida biyu, jita-jita a WhatsApp da daddare. Mai kashe ta shi ne wanda Baale, mai unguwar Yarabawa, ya san fuskarsa, DPO yake ɗaukar wayarsa, Sarkin Hausawa ya yarda da shi. Ka riƙa zuwa fada ranar da ake zaman sulhu, ka zauna daga baya, ka rubuta abin da aka yanke. Mu tsofaffi ba ma rubutawa, shi ya sa magana ɗaya take dawo mana sau da yawa.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, in sha Allahu zan zo, sai dai ina so ka fara yi wa Kawu magana, ya fi jin taka. Yaya Lauya, horon ICMC ɗin ana yin sa a ƙarshen mako? Safiyar ranakun aiki motocin albasa ke sauka, ba na iya barin rumfa.