Wace kalma za mu ba "vasopressor" a Hausa?

Assalamu alaikum. Daren jiya ina bakin aiki aka kawo wani dattijo da ƙwayoyin cuta suka bi masa jini, awon jininsa ya faɗi warwas. An yi ƙarin ruwa bai motsa ba, likita ya ce a ɗaura noradiranalin, ɗaya daga cikin magungunan da ake kira "vasopressor". Ɗansa ya tare ni a bakin ƙofa: "Sista, wane magani ne wannan da inji ke ɗigawa kaɗan-kaɗan?" Bakina ya suɓuce na ce maganin hawan jini. Ya zaro ido: "Ai Baba jininsa sauka ya yi!" Kuma da gaskiyarsa, a wurin Bahaushe maganin hawan jini shi ne mai saukar da shi. To me zan ce masa?

Wani mai sayar da magani: Hajiya, kada dai ki ce maganin ƙarin jini. Da kin faɗa, gobe za a zo mini neman jan sirop na masu juna biyu. Ƙarin jini kuma an san shi da leda. Ni "mai ɗaga jini" na fi so.

Wani likita: Malam, ɗaga jini sakamako ne, ledar ruwa ma tana ɗaga shi. Ita kalmar daga Latin take: "vas" bututu, "pressor" mai matsawa. Bangon jijiyar jini yana da siririyar tsoka, a jikin tsokar akwai wuraren da maganin ke sauka, kamar kwaɗo da makullinsa. Raymond Ahlquist ne ya raba su gida biyu a 1948, alfa da beta. Idan magani ya taɓa alfa-1, wani reshe na alfa, jijiya ta ƙanƙance, jini ya ƙara ƙarfi, kamar ka sa babban yatsa a bakin tiyo kana ban ruwa. Beta-1 kuwa a zuciya take, ita ke ƙara mata sauri da ƙarfin bugu. A irin ciwon dattijon nan, matsakaicin awo 65 muke fara nema. Na kawo "mai matse jijiya".

Sistar: Likita, "matse" ta yi mini kama da abin da ake yi daga waje, kamar robar da muke ɗaure hannu da ita kafin a ɗebi jini. Nan kuwa jijiyar ce da kanta take ƙanƙancewa.

Wani malamin Hausa: To ai kin faɗi kalmar, ƙanwata: tsukewa. Bakin zani a tsuke shi, hanya ta tsuke, baki ma a tsuke shi. "Maganin tsuke jijiya." Sai dai jijiya a Hausa uwa ce mai 'ya'ya da yawa: ta jini jijiya, ta agara jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya. A rubutu a cika, a ce jijiyar jini. Wuraren nan na alfa da beta kuma ga "makarɓa", kamar yadda muke cewa mashiga da mafita.

Likitan: Na karɓi makarɓa. Amma fa sunan bai rufe su duka daidai ba. Fenilefirin, wanda ake ba mace idan jininta ya faɗi bayan allurar kashin baya wajen ciro jariri, tsukewa kawai ya sani, har zuciya kan rage gudu don ta ji awo ya hau. Adiranalin kuwa ƙafa biyu gare shi, yana tsuke jijiya yana kuma zaburar da zuciya. Dobutamin a cire shi daga wannan layi gaba ɗaya, aikinsa a zuciya yake.

Sistar: Dobutamin ɗin sai mu ce "mai zaburar da zuciya", a raba gardama. Da safen nan na sake haɗuwa da yaron, na ce masa jijiyoyin jinin Baba ne suka saki, muna ba shi maganin tsuke su. Ya gyaɗa kai, ya tambaya ko za a buɗe su idan ya samu sauƙi. Na ce a hankali ake rage injin, su koma da kansu.