Neman kalmar Hausa: me za mu kira chiropractic a fagen wasanni?

Malam Sanusi: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kan 'yan ƙwallo da masu guje-guje, an ci karo da kalmar chiropractic, wadda bakinmu ke furtawa kayirofiraktik, wato sana'ar jinyar ciwon baya da wuya ta hanyar tura gaɓɓai da hannu. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta abin da ake yi da hannu, kuma D. D. Palmer ne ya kafa sana'ar a garin Davenport na Amurka a 1895. An kawo shawarar "ɗorin zamani" da "gashin ƙashi" da "daidaita ƙashin baya". Masana, wacce za mu ɗauka?

Dakta Binta: Wa alaikumus salam, Malam. A fara cire ɗori. Maɗori karaya yake haɗawa, ya jera karare ya ɗaure. Shi kuwa mai kayirofiraktik, karaya ita ce abu na farko da ke hana shi taɓa mutum. Ranar da aka rubuta "ɗorin zamani" a allo, yaron da ya karye a fili can za a kwashe shi a kai, alhali wurinsa asibitin ƙashi irin na Dala. Gashi kuma tuni mutane suka laƙaba wa sashen fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, ko da yake mu ma sunan ya yi mana kaɗan, don ɗumama jiki ɗan yanki ne na aikinmu. Kada a ɗora wa kalma ɗaya sana'a biyu.

Koci Ɗanlami: To ai tausa ce, Dakta. Hannu ne dai da jiki.

Dakta Binta: A'a, Koci. Tausa tsoka ake murzawa. Nan gaɓa ake nufi. Ƙashin baya yana da ƙasusuwa 24 masu motsi: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu. Sai a kwantar da mutum, a kai gaɓar da ta riƙe iyakar inda take iya zuwa, sannan a yi mata turi guda, mai sauri amma gajere ƙwarai. A nan ake jin ƙas.

Dakta Habu: Wannan ƙas ɗin ne ya sa ban yarda da "daidaita" ba. Mai jin kalmar zai ɗauka ƙashi ne ya goce aka mayar da shi mazauninsa, kuma ba haka ba ne. Kowace irin wannan gaɓa tana cikin 'yar jaka mai ruwa. Idan aka buɗa ta da sauri, matsin da ke ciki ya ragu, sai kumfar iska ta fito a ruwan, ita ce ƙarar. Abin da ke faruwa ke nan in mutum ya ja yatsunsa, shi ya sa yatsan ba ya sake yin ƙara sai bayan kamar minti 20. Da ƙashin baya zai goce da gaske, motar asibiti za a kira, domin laka ce a ciki. Abin da binciken likitoci ya tabbatar shi ne sauƙi na ɗan lokaci ga ciwon ƙugu da riƙewar wuya, daidai da abin da motsa jiki ke bayarwa. Batun cewa yana maganin asma ko hawan jini babu hujja a kansa. Don haka a nemo sunan da bai yi alkawarin abin da ba a yi ba.

Malam Sanusi: Madalla. To idan abin da ake yi wa magani riƙewa ce, Bahaushe na cewa baya ya riƙe, wuya ya sanƙare. Kishiyarsu ita ce warwarewa. Me zai hana mu ce "warwarar gaɓɓai"? Mai yin aikin kuma "likitan warwarar gaɓɓai".

Dakta Habu: Warwara ta zauna, Malam, amma a ƙara "da hannu" a farkon ambato, don a raba ta da miƙe jiki da ɗan wasa ke yi da kansa kafin ya shiga fili. "Likita" ce nake ja da ita. A ƙasashen da sana'ar ta kafu ana yi mata karatun shekara huɗu zuwa biyar, amma a galibinsu ba sa rubuta magani, ba sa tiyata. A wurinmu da an ce likita, mai ciwon baya ya ɗauka an gama bincike. Ga shi muna da tibin ƙashin baya, wanda ke cinye ƙashi a ɓoye. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko wanda ke tashin mutum daga barci, ba a tura shi da hannu sai an yi hoto. Haka idan ƙafa ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris, ko fitsari ya ƙwace, wannan aikin gaggawa ne. Wuya kuma ya fi ko'ina hatsari: ba kasafai ba, amma an samu waɗanda jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan murɗawa, har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. Masu kallon bidiyon ƙas-ƙas a TikTok suna gwadawa a kan abokansu, su ji da kyau.

Dakta Binta: A ce "mai warwarar gaɓɓai" kawai, in ana son girmamawa a ce "ƙwararren". Amma Malam, takardarku ta 'yan wasa ce, kuma rabin aikin da ya fi muhimmanci bai samu suna ba tukuna, wato abin da ake yi daga ranar rauni zuwa ranar komawa fili. Ɗauki targaɗen idon sawu. Da farko a tabbatar ba karaya ba ce: idan ba ya iya taku huɗu, ko an danna bayan ƙashin idon sawun ya ji zafi a kan ƙashin kansa, sai hoto. Idan targaɗe ne, kwana biyu zuwa uku na farko a sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a naɗa bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji. Ruwan zafi da ja da murza a wannan lokaci kumburi suke ƙarawa. Daga nan a fara takawa gwargwadon yadda zafi ya bari, a riƙa juya ƙafar, a yi ɗage a kan yatsu sau 10 zuwa 15, zagaye uku. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, ido buɗe, daga baya ido rufe, daga baya a kan matashi. Wannan matakin ake tsallakewa, kuma shi ya sa ƙafar da ta taɓa targaɗe take sake yi: jijiyar ta warke, amma ƙafar ba ta koma sanin inda take ba in an diro.

Koci Ɗanlami: Mu a fili atisaye muke cewa. Kuma matsalar yaranmu, da zafi ya tafi sun ɗauko takalmi. Wanda aka yi wa aikin jijiyar tsakiyar gwiwa ma, da wata huɗu yana neman a sa shi.

Dakta Binta: Wannan sai wata tara aƙalla, kuma sai ƙarfin cinyar ya kai kashi 90 cikin 100 na ɗaya ƙafar, an gwada shi da tsalle da ƙafa ɗaya. Na karɓi atisayen Koci. A ce "atisayen murmurewa".

Dakta Habu: Na fi son "farfaɗowa", amma ita tana jan hankali ga wanda ya suma. A bar murmurewa.

Malam Sanusi: To an tsaya a nan. Sana'ar: warwarar gaɓɓai da hannu. Mai yi: mai warwarar gaɓɓai. Aikin bayan rauni: atisayen murmurewa. Gashi ya zauna wa fisiyo, ɗori ya zauna wa karaya. Saura guda, Dakta Binta: kin ce jijiyar idon sawu, Dakta Habu ya ce jijiyar jini, ga kuma wadda ke kai saƙo daga laka, duk jijiya. Wannan sai mun buɗe mata zaure na daban gobe in Allah ya kai mu.